Gwaggo Mai Bado

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta koma wata Laraba da hantsi, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Matar ƙanena ta ce ko tari ba ta yi ba, faifan ne kawai ya zame daga cinyarta. Ina cikin aji a Sakkwato waya ta same ni. Kafin motar garin Isa ta cika ta tashi, kafin in sami babur zuwa ƙauyenmu da ke bayan Turba, har an kai ta an dawo. Ban ga fuskarta ba. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, da butoci, da dattawa a jere a inuwar bango.

Aka yi mini gaisuwa, aka shafa fatiha, aka matsa mini wuri kusa da liman, tunda yanzu ni ne babba a gidan. Zaman makoki kuwa kowa ya san halinsa. Da farko shiru, sai addu'a, sai hira ta saci jiki ta shigo ba wanda ya gayyace ta.

"Allah shi jiƙan Gwaggo," in ji wani dattijo mai sayar da igiya a kasuwar Isa. "Tsawon zamanta garinga ba ta da abokin hwaɗa."

"Yau dai kwaɗin tabki sun yi rashin uwa," in ji na kusa da shi.

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta makoki, wadda ake tarewa da hannun riga. Ba da mugunta suka yi ba. Fiye da shekara arba'in garin nan yana kiranta Gwaggo Mai Bado. Yara sun taso sun tarar ana cewa iskokin ruwa sun ɗan taɓa ta a shekarar fari, suka karɓa ba tare da tambaya ba.

Sai tsohon mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ni Malam nika tunawa, Allah shi gahwarta mai. Shekarar hwari kowa ya hwasa rumbu, nashi na nan liƙe har damana tas sauka. Ga riƙon 'yar'uwa marar lahiya, ko sau guda ba ka jin ƙorahinai. Irin mazanga sun ƙare."

Malam ɗin nan shi ne mahaifina, wanda ya daɗe da riga ta tafiya. Ƙannena suka sunkuyar da kai suna jin daɗi, don yabon nan shi ne gadon da suka fi taƙama da shi. Ni ma na sunkuyar da nawa, amma kunya ce ta danne shi. Duk tabarmin nan ni kaɗai na san abin da ke cikin rumbun a shekarar fari, ni kaɗai kuma na san wanda ya ciyar da mu. An binne ta ɗazun nan, ga shi ana ƙara binne ta da sunan da ba nata ba, ni kuwa ina zaune ina jan carbi.

Bari in fara faɗin ko wace ce ita, kafin in zo kan abin da na yi mata.

Doguwa ce, baƙa, da zanen Gobirawa a kumatu wanda tsufa ya shanye har ya haɗe da tamoji. Ta yi aure a wajen Sabon Birni, ta haifi biyu ba wanda ya zauna, mijin ya rasu, ta dawo gidan ƙanenta da akwati ɗaya da awaki uku. Ba ta sake aure ba. In an kawo mata maganar sai ta ce ai ta riga ta ci kasuwar nan, ba abin da ta manta a can da za ta koma ɗaukowa.

Ba ta wuce ganye ba ta tsinka ba. Ta murza, ta shinshina, ta ɗora a harshe, wani lokaci ta manna bayansa a leɓenta ta yi tsit kamar mai sauraro. Da haka take gane gonar da ta fara jin ƙishi tun kafin mai gonar ya gane. "Ganyen da ka shan iska sanyi gare shi," take cewa. "In ka ji shi da ɗumi, ya ruhe baki, ya hwara tsimi." Manoma suna yi mata dariya, amma na sha ganin wani ya faki ido ya tsinki ganyen dawarsa ya kai leɓe.

Ni take kira Malamin Takarda tun ranar da aka kai ni boko. In na dawo hutu ina ɗaga wa tuwon dawa hanci sai ta ce, "Ci, Malamin Takarda, ciki bai san karatu ba." Matan Fulani masu tallar nono a ɗakinta suke sauke ƙwarya su sha ruwa, tana yi musu gurguwar Fillancinta suna tuntsira dariya. Akwai wadda naƙuda ta kama a hanya, a kan gadon Gwaggo ta haihu, ta yi kwana bakwai tana shan kunun kanwa kafin mutanenta su zo. Kada kuma in mai da ita waliyyiya, tana da riƙo. Ta taɓa yin wata guda cur ba ta yi wa Inna, mahaifiyata, magana ba a kan muciya ɗaya da aka ara ba a mayar ba. In tana son gishiri sai ta faɗa wa akuya da ƙarfi, yadda Inna za ta ji.

Fari ya same ni ina kwalejin horon malamai, ina da shekara ashirin, da wando mai kari da agogon hannu, ina ganin duk ƙasar Gobir ba wanda ya kai ni wayewa. Damina biyu a jere ta yi gardama. A ta biyun sau uku Baba yana shuka, sau uku rana tana ƙone tsiron bai wuce ɗan yatsa ba. Shanun Fulani suna faɗuwa a bakin hanya. Mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe 'yar ƙwayar da suka samu. Gidaje suna ɗaure kaya suna yin kudu, wasu ba su dawo ba har yau.

A tsakar gidanmu, daidai inda ake hangowa ta kan danga, akwai babban rumbun ƙasa da ake liƙe bakinsa da laka bayan girbi. Al'adar wurinmu ce magidanci ya yi rumbun ci daban, na ajiya daban, kuma ba a fasa na ajiya sai tura ta kai bango. Na Baba shi gari ke kallo. Muddin yana liƙe, mutane suna cewa ai Malam bai fasa ba tukuna, da sauran numfashi, sai wanda ya ɗaure kaya ya kwance. Abin da ba su sani ba shi ne Baba ya huda shi ta baya tun shuka ta biyu. Ya ɗebi iri, ya ɗebi na ci, ya sake shafe hudar, ya sake hudawa. Lokacin da na zo hutu ba komai a ciki sai kashin ɓera. Ni ya sa na kwaɓa masa lakar shafen ƙarshe, shi ya sa na sani.

A ranar ne na ji faɗansu, wanda ban taɓa jin irinsa a tsakaninsu ba. Yana durƙushe yana shafe, Gwaggo ta zo ta tsaya a kansa.

"Ka liƙe bakin rumbu. Bakin yaranga hwa, da mi za ka liƙe shi?"

"Allah na nan, Yaya."

"Allah na nan, bado ma na nan, Shi yah halicce shi. Tabkin ƙasan hwadama bai ƙahe ba. Gobe za ni."

"In anka ga macen gidana da ƙwaryar bado, an san rumbu wohi na. Kahin sati gari ya watse."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ni za ni ɓoye nawa," in ji Baba.

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana ta shafa wurin da ya riga ya shafu. Sannan ta ce, "To, ɓoye. Ba za a ce gidanka ba hatsi ba. Cewa za a yi yayarka ta samu taɓi. Bari a ce."

Ga wanda bai san fadama ba, bado shi ne tsiron nan mai faffaɗan ganye da ke kwanciya a kan ruwa, mai farin fure. Yara kan fasa 'ya'yansa su ci ƙwayar don wasa, ba mai cewa komai. Amma a ce an tuƙa tuwonsa a gidan magidanci, wannan shelar tsiya ce.

Washegari ta fita da ɗankwali a karkace, tana waƙa, tana gaida kwaɗi tana naɗa musu sarauta. In ta haɗu da mutane sai ta ce awakinta ne suka yi mafarkin bado suka aike ta. Kafin kwana uku magana ta zaga gari cewa iskokin tabki sun shafi yayar Malam. Da la'asar ta dawo da laka har cinya, ta shanya ƙwayar a bayan ɗakinta. In ta bushe su daka ita da aminiyarta, matar maƙeri, a haɗa da 'yar dusa a tuƙa. Saiwar kuma a dafa a zubar da ruwan farko saboda ɗaci. Tuwon baƙi-baƙi ne, yana warin taɓo. Mu goma sha ɗaya muka rayu a kansa har damina ta zagayo. Baba yana ci kansa a ƙasa, bai taɓa tambayar ko na mene ne ba.

Sau ɗaya na bi ta tabkin, kuma ba taya ta na je yi ba. Na je ne in roƙe ta ta rage waƙar, don samarin gari sun fara kirana ɗan gidan kwaɗi. Tafiya ce ta hantsi guda a kan busasshen taɓo mai tsaga. Na tarar da ita cikin ruwa har ƙugu tana lalubo saiwa da yatsun ƙafa. Na tsaya a bakin gaɓa na yi jawabina daga can, don kada takalmina ya ɓaci. Ta tsinko ganye guda da dogon karansa, ta danna ganyen cikin ruwa da hannu ɗaya, ta sa ƙarshen karan a baki ta hura. Sai ga kumfa 'yan mitsi-mitsi suna tsattsafowa daga fuskar ganyen, ta sama kaɗai.

"Ka gani, Malamin Takarda? Ganyen tudu mahi yawa ta ƙasa suka numhwashi, suna ɓoye ma rana baki. Wanga ruwa na ƙasanai, sai yam maida bakinai sama. An koya muku wanga?"

Ba a koya mana ba. Na tsaya sototo, na manta abin da ya kawo ni, har na tuɓe takalmin na shiga na hura da kaina. Duk abin da na zama a duniya daga kumfar nan ya faro, kuma ban taɓa rubuta haka a ko'ina ba sai yau.

Ba a yi kwana goma ba abokaina biyu na kwaleji suka biyo. 'Yan birni ne, a motar mahaifin ɗayansu, za su Sabon Birni. Inna ta yi abin da uwa ke yi, ta ciro ɗan geron da ta ɓoye saboda jinya ta dama musu fura. Muna zaune a zaure suna yaba rumbun Baba, ina karɓar yabon ina karkaɗa ƙafa, sai ga Gwaggo. Ba wata hanyar shiga gida sai ta zauren. Ƙwarya a kai, laka har cinya, jini yana bin ƙwaurinta inda ta cire matsattsaku. Ta yi sallama a hankali, ba waƙa, ta raɓa bango ta shige.

Ɗayansu ya toshe hanci ya ce, "Wannan fa?"

Ina iya cewa gwaggona ce in tsaya nan, ba wanda zai tambayi rumbu. Abin da na ce shi ne, "Wata ce muke riƙo saboda Allah. Ba ta da hankali. Ba danginmu ba ce."

Suka ce Allah sarki, suka yaba kirkin gidanmu, muka ci gaba da shan fura. Zan faɗa a fili don kada wani ya nema mini uzuri. A lokacin ko tunawa da rumbu ban yi ba. Ban tuna asirin Baba ba, ban tuna gari ba. Ƙafafunta na kalla, na kalli takalman abokaina, na ji kunyar a ce jinina ce. Da suka tafi na leƙa ciki, na hango ta can bayan ɗaki tana shanya, nesa da zaure, na ce wa zuciyata ba ta ji ba. Da yamma ta miƙo mini tuwona kamar kullum, har da ƙarin loma, na kuwa cinye.

Ruwa ya sauka, hatsi ya yi, Baba ya cika rumbunsa ta hudar baya kafin ya fasa bakin a gaban mutane. Gari bai watse ba. Gwaggo ta bar waƙa, amma duk shekara sai ta ɗan karkata ɗankwali ta je tabki kwana biyu uku. Na taɓa tambayarta dalili, tunda ga abinci. Ta ce in hauka ta zo tare da yunwa ta tafi tare da ita, ko jaki zai gane. Haka ta riƙe sunan, tun Baba yana raye har bayan ransa.

Ni kuma na bi kumfa. Na bar koyarwar firamare na koma karatun tsirrai, har na tsaya a kan abu guda, wato 'yan ƙofofin nan da ke jikin ganye waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙofa tana da leɓe biyu, ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Aikina shi ne bin diddigin yadda suka faro a tsirrai masu fure na farko. Muna duba ganyen da ya daɗe a ƙasa har ya zama zane a jikin dutse, mu kwatanta shi da na tsirran da zuriyarsu ta fi tsufa a cikin masu rai, kuma bado yana cikinsu. A ganyen dutsen nan sai ka ga ginin da ke kewaye da ƙofofin ba shi da tsari guda. Wannan an kewaye ta haka, ta kusa da ita an kewaye ta daban, duk a ganye ɗaya, kamar aikin maginin da bai gama yanke shawara ba. Daga baya ne kowane dangi ya tsaya a kan nasa, ƙofofin da yawa suka ƙanƙance suka yawaita. Na yi yawo da wannan magana a garuruwa, an tafa mini. An sha tambayata abin da ya fara jawo hankalina ga bado, ni kuma kullum sai in ce wani malaminmu ne a kwaleji. Malamin nan babu shi, ni na ƙirƙire shi, har gilashi na sa masa.

Wata shekara bayan rasuwar Baba na zo gida da ƙaramin madubin bincike mai ƙara girman abu, irin mai ɗaukar hasken rana. Na kifa turmi na ɗora shi, na ɓare fatar ganyen bado da ta ganyen gero, na kira Gwaggo. Da farko idon da ya kamata ta buɗe shi ta rufe, ta ce ita duhu kawai take gani, ashe wannan ne aikin da ake biyana. Da ta gyara sai ta ƙara matsawa jikin madubin.

"Ashe har da leɓɓansu," ta ce a hankali. "Na gero a jere kamar shuka. Na bado a watse."

Na yi mata bayani cewa dangin bado suna cikin mafi tsufa a duk abin da ke fure.

"Wato shi na kakan gero?"

"A'a, Gwaggo. Ɗan'uwan kakan ne, tun da wuri ya ware ya shiga ruwa. Gero daga baya ya zo, ya ƙware a saurin rufe baki in rana ta yi zafi. Bado bai damu da rufewa ba, tunda a ruwa yake."

"In gero ya ruhe, mi shika ci?"

"Ba ya ci. Ƙofar da ruwa ke fita, ta nan abincinsa ke shiga. In ya daɗe a rufe yunwa ta kashe shi, in ya buɗe ƙishi ya kashe shi."

Ta ɗago daga madubin ta kalli inda rumbun yake. "Ubanka ke nan," ta ce. "Allah shi jiƙan shi. Shi ma bai da zaɓi mai daɗi."

Ba kowa a wurin sai ni da ita da awaki. Ban taɓa samun dama irin ta ranar ba. Na ce, "Gwaggo, akwai wata magana."

"Ina jin ka."

Na kalli ƙwaurinta, tabon matsattsaku yana nan baƙi-baƙi. Na ce, "Madubin nan, kada a bari awaki su ture shi."

Ta ce to. Na sake zuwa gida sau da yawa bayan wannan, da atamfa da goro da man zafi, ina ajiye mata ina jin kamar na rage wani abu. Ban sake ɗauko maganar ba.

Ranar addu'ar bakwai da safe na ja ƙanena gefe na gaya masa abin da ke cikin rumbu a shekarar fari, da abin da nake shirin yi. Ya kalle ni kamar na mare shi. "Yaya, Baba za ka tone cikin kabarinai?" Na ce Baba ya ci yabonsa shekara arba'in, ita ko kwana ɗaya ba ta ci nata ba. Bai yarda ba, amma bai hana ni ba.

Kafin liman ya rufe addu'a na nemi izini na miƙe. Na faɗi hudar baya, na faɗi lakar da na kwaɓa da hannuna, na faɗi faɗan yaya da ƙanenta kalma da kalma. Na ce hankalinta ya fi na duk wanda ke zaune a nan, har ni mai takardu, kuma da gangan ta karkata ɗankwali don rumbu ya tsaya a liƙe, gari ya tsaya a wurinsa. Mai maganar kwaɗi ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Tsohon mai unguwa ne ya fara magana.

"Sau biyu ina ɗaure kaya, in hangi rumbunga in kwance. Waɗanda munka shirya tahiya tare, rabinsu hanya tac ci." Ya share ido da bayan hannu. "Kuma ni da bakina na hana ɗiyana wasa ƙohwar ɗakinta."

Liman ya sake ɗaga hannu, aka yi mata addu'a doguwa, ba wanda ya ambaci bado. Bayan an shafa dattawa suka riƙa zuwa suna kama hannuna, suna cewa na yi abin da ɗan halak ke yi, gaskiya ɗaci gare ta amma na haɗiye. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Maganar zaure kuwa ban saka ta cikin jawabin ba. Na ce wa kaina ai wannan tsakanina ne da Allah, tunda ita ba ta ji ba.

Ana cikin watsewa aka ce matar maƙeri tana kirana. Na same ta a ɗakin Gwaggo, a kan tabarmar Gwaggo, ta tsufa tukuf, idanun sun yi fari. Mata sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, ta lalubo hannuna ta riƙe da hannu biyu.

"An ce ka hwaɗi. Ita ta so a bari, amma ka kyauta, ɗana. Da ma tac ce kai ka iya ɗaukar nauyin gidanga. Tun ranar baƙinka masu mota taka hwaɗin haka."

Na ce, "Ashe ta ji?"

"Ta jiya mana. Zana ɗai ta tsakaninku, nan tat tsaya sauke ƙwarya. Ta iske ni bayan ɗaki ina jiran ta, hawaye na zuba tana murmushi. Tac ce, 'Yau yaronga ya zama namiji. Ya tsaya gaban manyan baƙi ya yanke ni daga jikinai don shi ruhwa ma ubanai asiri. Na san abin ya yi mai ciwo, don ni nag goye shi.' Tun rannan ba ta taɓa sallame salla ba ta sa maka albarka ba. Ni shaida ta."

Matan suka ce Allah sarki. Wata ta fara sheshsheka. Tsohuwar tana riƙe da hannuna tana jiran abin da zan ce, ni da aka gama yabo a waje yanzun nan a kan faɗin gaskiya. Na buɗe baki. Na ce, "Allah ya jiƙanta." Ta saki hannun ta shafa kaina, na bar ta ta shafa.

Wanke sunan Gwaggo a gaban gari bai yi mini wuya ba, don asirin wani na tona. Nawa na fito da shi a rufe na hau motar Sakkwato. Matar maƙeri ba ta karatu, Gwaggo kuma ta yi nisan da takarda ba ta kaiwa, don haka ko wannan rubutun rabin jarunta ne, na sani. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Allah ya yalwata mata makwanci, ya haskaka shi, ya saka mata da abin da mu muka kasa.

Albarkar shekara arba'in kuwa, wadda ta sa wa yaron nan da ya rufa wa ubansa asiri, a hannuna ta faɗo. Na ci a cikinta, na sha, na yi gida, na yi 'ya'ya. Ba a taɓa haihuwar yaron nan ba, kuma ban san wanda zan mayar wa ba.